Rinin da Ke Shan Rana

Daga Allah muke, kuma gare shi za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya rasu a ƙarshen bazarar bana, lokacin da kowa a garinmu, nan tsakanin Dogarawa da Konni, ya gyara gona yana duban gabas. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata, kuma kowa da irin Baban da ya zo da shi a bakinsa. Liman ya ce shi dai bai taɓa sa sabuwar riga ya wuce ƙofar gidanmu lafiya ba. Sai Baba ya tare shi, ya kama bakin hannun rigar, ya lashi babban yatsa ya murza, ya duba ko launi ya fita, sa'an nan ya amsa sallama. Wani tsohon Buzu ya zo a bayan moto, wato babur, tun daga arewacin Illela, tamu ta nan, ba ta tsallaken iyaka ba. Ya zauna ya yi addu'a, ya taɓa baƙin rawanin da ke kansa ya ce, "Aikinshi na." Daga nan ya tashi ya tafi. Wanda ya yi wa Baba wanka kuwa rantsuwa yake yi wai har ranar faratansa shuɗaye ne. Ni ce mai yanke masa farce tun da idonsa ya yi rauni, na kuma san sun daɗe da yin fari tas, amma ban ƙaryata shi ba, don na ga maganar tana yi wa Inna daɗi.

Abin da ya ba ni dariya a cikin kuka shi ne, duk wanda ya gama addu'a ya shafa, sai idonsa ya tafi bayan zaure, inda tsohuwar marinarmu take. Can a kan sandar shanya akwai wata leda mai ratsi-ratsi, launinta tsakanin shuɗi da kore, siririyar waya ta fito daga gefenta ta shige zaure. Wasu su daure, wasu su kasa. "Wai mine ne wancan, malama?" Wata gwaggonmu ma cewa ta yi a sauke ta, kada baƙi su ce muna shanya tsumma ranar makoki. Na ce ba mai taɓa ta.

Yayana bai samu jana'iza ba. Yana Turai, inda yake aiki a masana'antar da ke buga irin wannan leda, wadda ke karɓar hasken rana ta ba da wuta. Da na kira shi na gaya masa, ya yi salati, sa'an nan ya yi mini tambayar da ta hana ni sukuni. "Ki gaya mini gaskiya, don Allah. Ya tahi shina hushi da ni?" Na ce a'a da sauri, irin a'ar da ake faɗa wa mai kuka. Ya ce, "Ke kinka ce, ba shi ba." Gaskiyarsa. Baba bai taɓa faɗa ba, kuma ni kaina a ranar ba ni da abin da zan nuna masa.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ai da sai ya tambaye shi tun yana da rai. To Yaya ɗan fari ne, Baba kuwa yana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yaba masa ba, ko faɗa ba ya yi masa kai tsaye. In Yaya ya shigo zaure, Baba sai ya sami abin dubawa a jikin bango. "Wancan" yake ce masa, ko "yayanki". Ni da nake bi masa, ni ce 'yar aike. Tun ina ƙarama ake aike na da magana daga wannan kusurwar tsakar gida zuwa waccan, alhali mutanen biyu suna ganin juna. Na girma, na yi aure a Konni, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, aikin bai bar ni ba, sai dai ya koma cikin talho, wayar hannu.

Baba marini ne, ɗan marini. Na tashi na tarar da karofi a bayan zaure, rami mai zurfi da ya fi tsayin mutum, cike da ruwan shuni da toka, warinsa yana bin tufafinmu har cikin aji, 'yan lakwal suna toshe hanci. Abin da na fi tunawa shi ne fuskarsa in ya tsamo zane. Zanen yakan fito kore-kore kamar ruwan tafki, sai ya ɗaga shi ya buɗe wa iska, a gaban idonka ya juye ya zama shuɗi. Ya ga wannan iyakar rayuwarsa, amma kullum sai ya tsaya ya kalla, baki a ɗan buɗe. Ya tambayi malamai dalili, ya tambayi likita, ya taɓa tsayar da wani malamin gona da ya zo duba gero. "Mine ne cikin iska wanda ka maida kore shuɗi?" Ba wanda ya ba shi amsar da ta kwanta masa sai Yaya, lokacin yana karatu a Konni, kuma ta bakina. Na kai amsar, Baba ya saurara, ya ce, "Hm." Washegari ya sake aiko ni in tambayo ko iskar damina da ta rani aikinsu ɗaya.

Baba yana da shaida. Duk zanen da ya fita daga karofinmu, bayan an rina, an shanya, an kai wa mabugi ya buge shi ya yi ƙyalli, Baba zai ɗauki allura da farin zare ya yi ɗan ɗinki a kusurwa, kamar sawun kaza. Kakanmu ma haka yake yi. A kasuwar Illela Buzaye kan juya rawani su nemi sawun kazan kafin su tambayi komai. Amma ba kowane zane ke samu ba. In rini bai kama yadda yake so ba, haka zai fita ba shaida, ko na wane ne.

A kan wannan suka ɓata da Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da galura ta cika kasuwa, rinin gwangwani da ake kaɗawa a tukunya a gama kafin azahar, Baffa ya koma yin ta, don iyali sai sun ci. Wata rana ya kawo rawuna masu kyau, baƙi wuluk, ya ajiye gaban Baba ya ce, "Yaya, sa mini shaida. Ai ni ma ɗan gidanga na." Baba ya lashi yatsa ya murza, ya duba, ya ce, "Kai ɗan gidanga na. Wanga ba rinin gidanga ba na." Baffa ya kwashe kayansa ya fita. Damina ta shiga ta fita ba su sa hannu a kwano ɗaya ba, sai da Inna da matar Baffa suka gaji suka zuba musu tuwo a akushi ɗaya da gangan. Sun shirya, sun koma hira da dariya, amma shaida dai Baffa bai samu ba har Baba ya koma ga Allah.

Kada a ɗauka ko'ina haka Baba yake da tauri. Gab da salla yakan bi gidajen tsofaffin da rigunansu suka koɗe, ya ce wai yana son gwada sabon shuni, a taimaka a ba shi aron riga. Ranar idi sai ka ga tsoho yana tafe cikin riga kamar sabuwa, yana gaya wa mutane shi ne ya taimaki marini.

Yaya aka sa ran zai gaji karofi. Ya iya, hannunsa ma ya fi na Baffa. Amma kansa yana ja, aka ba shi gurbi a Yamai ya karanci haɗa sinadarai, daga can ya wuce waje. Ranar da zai tafi ya durƙusa a ƙofar zaure, Baba ya ce wa bango, "Allah shi kiyaye hanya." A cikin shekarar nan Baba ya rufe karofi da murfin kara, ya ɗora dutse, bai ƙara buɗewa ba. Inna ta ce bayansa ne ya gaza. Baffa ya ce galura ce ta kashe kasuwa. Yaya kuwa ya sa a ransa shi ne ya kashe karofin kakanninsa, kuma da wannan nauyin ya yi ta yawo har ranar da ya yi mini waccan tambaya.

Zuwansa gida na ƙarshe, 'yan shekarun baya, ya zo da wani dogon kwali mai kama da bututu. Ya ce ragowar ƙarshen naɗi ne, wurin aikinsu suka ba shi ya kawo gida. Ya zaro ya warware a tsakar zaure kamar tabarma. Mu duk mun san sola, ga faranta masu nauyi na gilashi a kan rufin shaguna a Konni. Wannan kuwa leda ce, ka ɗauke ta da hannu ɗaya, in ka ɗaga ta sama kana hango inuwar mutum ta cikinta.

Yaya ya zauna yana yi mini bayani da murya mai ƙarfi, ni da ban tambaya ba, Baba na gefe yana jan carbi. Ya ce buga ta ake yi, kamar yadda ake buga atamfa. Farar leda ce a naɗe jikin ƙaton gungume, inji yana jan ta, tana wucewa ƙarƙashin wani baki da ke shafa mata ruwan launi siriri, ta bi ta wurin zafi ta bushe, a sake shafa wani a kansa, shafi kan shafi, can ƙarshe ta naɗe kanta a wani gungumen. Ɗaya daga cikin shafe-shafen nan shi ke shan hasken rana ya mai da shi wuta. Ya ce, "Kusan rini na, sai dai namu ba don ado ba." Carbin Baba ya tsaya.

Ya miƙa hannu ya shafa ledar, ya shinshina, ya lashi yatsa ya murza. Ba abin da ya fita. Ya ce, "Madalla." Yaya ya ce gobe zai kafa ta a kan rufin zaure ta riƙa juya fanka. Baba ya dube ni ya ce, "Ki ce mishi a bari tukuna." Har hutun Yaya ya ƙare ba a kafa ba. Da na raka shi tasha a Konni ya ce mini, "Kin gani ko? Ko rana bai yarda ta gani ba."

Bayan tafiyarsa na zo gida na tarar da abin da har yau ban manta ba. Baba da amininsa, tsohon mabugin garinmu, sun shimfiɗa ledar a kan gungumen bugu, mabugi ya ɗaga guduma. Na kwarma ihu tun daga ƙofa. Mabugi ya ce, "Haba malama, ƙyallinta na bai hito ba. Kaɗan za ni taɓa ta." Baba ya ce shi a ganinsa abin da ke ƙyalli ya fi kiran rana. Na ƙwace, na naɗe, na mayar cikin kwalinta, na yi ta faɗa har Inna ta leƙo ta ce in tuna da wa nake magana. Na koma Konni ina jin na ceci aikin Yaya.

Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Duk zuwana gida, kafin in sha ruwa, an tare ni. "Ki tambayi wancan, launin nasu daga ganye shike ko daga dutse?" Yaya ya ce haɗa shi ake yi, amma asalinsa dangin abin da ke cikin ganye da gawayi ne. "Ki tambaye shi, wa ka ɗanɗana ruwan shi san ya nuna?" Wannan ta ba Yaya dariya, ya ce a gaya wa Baba wanda ya ɗanɗani nasu sai asibiti. Ya aiko da bidiyon injin. Baba ya sa na yi ta maimaitawa har batir ya mutu, hancinsa kusan manne da talho, yana kallon leda tana gudu ba ƙarshe. Ya ce, "Duk wanga zane guda na? To ina suka samun wurin shanya?" Da na ce a cikin injin take bushewa, ya girgiza kai ya ce mutanen nan ba su da haƙuri.

Wata rana kuma tunaninsa ya tafi wajen masu saye. Ya ce tun da ba ta da nauyi, ai Buzu zai iya ɗora ta a kan kayan raƙumi yana tafiya tana sha, mai amalanken jaki na garin Bazaga ya yi rumfa da ita, rufin kara ma da ba ya ɗaukar gilashi ya ɗauke ta. Na kai wa Yaya, ya ce ai burinsa ke nan, a buga ta da yawa har ta yi araha kamar yadin kasuwa. Na dawo da wannan, Baba ya ce, "Hm," ya juya fuska.

Ni so na gani a cikin tambayoyin nan. Yaya jarrabawa ya gani, irin ta mai neman aibu. Kullum sai ya ce, "To, mi kuma anka gano?" Akwai ranar da na gaji na ce su duka biyun sun ishe ni, ni ba gidan waya ba ce. Ba wanda ya kula ni.

Tambaya ɗaya ce amsarta ta motsa Baba a gabana. Ya ce, "Ki tambaye shi, shina koɗewa?" Yaya ya ce in gaya masa gaskiya, yana koɗewa. Rana tana cinsa a hankali, iska da laima kuwa in suka sami hanyar shiga sun fi rana ɓarna, shi ya sa ake rufe shi tsakanin leda biyu a liƙe. Ya ce farantan gilashi sun fi shi ƙarfi da daɗewa, kuma abin da shi da abokan aikinsa suke fama da shi ke nan kullum, yadda launin zai daɗe. Na zata Baba zai ce ai ga irinta nan. Sai na ga fuskarsa ta washe. "Ashe su ma rana na cin su! Ashe yaƙinmu guda." Ya ƙara da cewa, "Ikon Allah. Ni iska ka hiddo mini launi, shi iska ka kashe mishi." Ya daɗe yana maimaita wannan ga duk wanda ya zauna kusa da shi. Na gaya wa Yaya da murnata, ya ce, "To ai ya samu dalilin ƙin sa ta rana."

Bazarar bana ta zo da zafi, ta tarar da Baba ya yi rauni, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Garinmu ba kuran, wato wutar lantarki. Aka fito masa da gado zaure, Inna tana yi masa fifita har hannunta ya ƙage. Wata Asabar da na zo, ya dubi hannun Inna, ya ce mini, "Ɗauko ƙyallen yayanki." Shi bai taɓa ce mata leda ba. Na je bayan ƙofa na ɗauko kwalin, na ji nauyinsa ya sake, na zazzage, sai ga muciya da ludayan Inna. Na ce ina take? Ya ce, "Cikin adaka."

Na buɗe adakar. Tana can ƙasa, an ninke ta ninkin mabuga, kusurwa kan kusurwa, an lulluɓe ta da farin ƙyalle, a kanta ga babbar rigar kakanmu da rawanin da Baba ya rina na aurensa. Duk marini ya san haka ake yi wa rini mai daraja, a ninke, a danne, a ɓoye wa rana. A nan na gane "a bari tukuna". Wurin da ya fi kowane daraja a ɗakinsa ya ba ta, wurin kuma ya karya ta. Duk inda ninki ya bi ya yi fari.

Ƙanen mijina yana gyaran sola a Konni, washegari na ɗauko shi. Ya shimfiɗa ta a rana, ya sa abin awonsa, ko motsi. Dole muka kira Yaya ta bidiyo. Ya dubi layukan ya ce, "Ninke ta anka yi?" Ba faɗa a muryarsa, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Baba na kwance yana ji. Yaya ya shiga nuna wa ƙanen mijina inda zai gwada, gida-gida tsakanin ninki da ninki, har suka sami wani yanki a gefe guda da ya tsira. Aka yanke shi inda Yaya ya ce, aka liƙe bakin, aka ɗaura waya. Bai fi dardumar salla girma ba.

Aka kashe talho. Sai Baba ya ce, ba da kowa ba, "Ban san kamar tabarma aka naɗe ta ba. Na ɗauka zane ta." Ban taɓa ganin kunya irin wannan a fuskarsa ba, tsoho da furfurarsa, na fita waje na yi kukana. Da yamma na gaya wa Yaya batun adaka da rigar kakanmu. Ya ce, "Ke dai kina son ki gyara mishi." Na ji haushinsa ƙwarai ranar.

Tun da rana kuwa, da ƙanen mijina ya nufi rufin zaure da yankin da ya tsira, Baba ya ce a'a, a kan sandar shanya, bakin karofi. Tun da aka rufe karofin ba a rataya komai a kan sandar nan ba, ko wankin Inna. Aka haɗa 'yar ƙaramar fanka aka ajiye kusa da kansa. Ta yi kamar ba za ta tashi ba, sai ta juya. Iskar ba wata mai yawa ba ce, amma Baba ba iskar ce ta dame shi ba. Ya ce wa Inna, "Ke, tahi ki ruhe ta da zane." Inna ta fita tana mita, ta rufe. Fanka ta tsaya. "Buɗe." Ta tashi. "Ruhe rabi." Inna ta ce, "Malam, ni da anka ce a hutar da hannuna, yanzu ƙahwata za ka kashewa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da kansa ya gano cewa ko gajimare ya rufe rana fankar ba ta tsayawa gaba ɗaya, sai dai ta rage gudu, ya sa na tambayo dalili.

Tambayarsa ta ƙarshe ta zo gab da ajali. "Ki tambayi wancan, ina na in an huda ta ba ta mutuwa?" Na ce Baba, don Allah a bar ledar nan ta huta. Ya ce, "Ki dai tambaya." Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya ce can bakin gefe, inda ba launi, farin da ya wuce liƙi. Ko'ina ban da nan iska za ta shiga. Ya ƙara da cewa, "Mi kuma za a yi mata?" Na ce wataƙila ɗaure ta yake so a yi saboda iskar farkon damina. Na kai amsa. Baba ya ce, "Hm."

Ranar sadakar uku da safe na ga fanka tana juyi da ƙyar a zauren da babu mai ita, iskar hadari ta watsa wa ledar ƙasa. Na ɗauki tsumma na je gogewa. Baffa ya biyo ni yana dogara sanda, wai ya ga abin da ake ta magana a kai. Ina goge kusurwar ƙasa sai tsumman ya maƙale. Na duba. Farin zare ne, can bakin gefe inda ba launi. Ɗinkin ya karkace, hujin manya-manya, na basilla, aikin mutumin da ba ya gani sosai kuma hannunsa yana rawa. Amma ko da ido a rufe ka shafa ka san sawun kaza ne.

Na kira Inna. Ta ce ai kuwa wata safiya ya ce ta ba shi basilla da farin zare, ta zata takalminsa zai gyara. Ya sa ta kama shi ta kai shi bakin karofi, ta ajiye masa kujera, ya ce ta tafi ta ba shi wuri. Baffa ya sunkuya ya kai idonsa kusa, ya shafa da yatsa, ya daɗe a haka. Ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ni ƙanenshi ya hana ni, ya ba leda." Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Kira ɗan nan. Kira shi yanzu."

Ban kira ba. Hoto na ɗauka na tura masa, ban rubuta komai a ƙasa ba. Karo na farko ke nan da na kai saƙo tsakaninsu ban sa bakina ba. Jim kaɗan talho ya yi ƙara. Na ɗauka. Yaya ya ce, "Bakin gefe, inda ba launi." Na ce i. Ya ce, "Sai da yat tambaye ni, kada shi ɓata mini aiki." Daga nan ya fashe da kuka irin wanda ban ji ya yi ba tun muna yara, na taya shi, Baffa na gefe yana ce mana mu yi haƙuri alhali shi ya fi mu.

Gwaggon nan da ta ce a sauke tsumma, da ta ji labari, ita ce kuma ta ce a naɗe ledar a ɓoye, kada ta koɗe kafin Yaya ya zo ya gani da idonsa. Na tambaye shi. Ya ce a bar ta inda Baba ya rataye ta, rana ta ci rabonta. Tana nan a kan sandar shanya, fankar kuwa mun mayar ɗakin Inna inda take takaba. Ledar za ta koɗe, Yaya da kansa ya faɗa. Zaren fari ne, ba abin da rana za ta cire masa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya cika kabarinsa da haske. Tambayoyin da ya tafi da su, waɗanda ni da Yaya muka kasa amsawa, Allah ya amsa masa su a gidan Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.